Karon farko da na hau dutse da ƙafa, a Hada ta Ɗa'ifa

Jiya bayan isha'i muka dawo Jidda, yanzu haka da nake rubutun nan ƙafata tana cikin roba da ruwan ɗumi da gishiri, sharaɓa kamar an ɗaɗɗaure min da igiya, amma wallahi raina fes yake, shi ya sa nace bari in rubuta tun abin yana da zafinsa kafin aiki ya shanye ni in manta.

Ni direba ne, shekara shida ina zaune a bayan sitiyari, daga gida sai mota daga mota sai katifa. Wata uku da suka wuce likita ya auna ni yace jinina ya fara hawa, in rage gishiri in kama tafiyar ƙasa. Na fara a bakin teku nan Kornish, minti ashirin, talatin, har na kai awa ɗaya ba haki. Kawun matata ne ya ji labari, shi haifaffen Makka ne, a Shara Mansur ya tashi, shekararsa ta haura sittin amma in ka ga yadda yake taku sai ka rantse bai kai hamsin ba. Yace min ɗana tafiyar kan kwalta ai ta masu shan iska ce, ka zo ranar Asabar in kai ka Hada ka ga abin da ake ce wa tafiya.

Maganar takalmi ita ta fara haɗa ni da kasuwa. Na shiga wani shagon kayan wasanni a mol, takalmin hawan dutse riyal 450, wani 600, na ajiye musu kayansu a hankali na fito. Washegari na nufi haraji inda ake saida gwanjo, na samu wani mai ƙasan roba mai zane-zane kamar tayar babbar mota, mai shi ɗan Yaman ne yace 120, nace 50, ya rantse na rantse, na juya zan tafi ya kira ni, muka ƙare a 70 ya ƙara min safa mai kauri guda biyu. Cinikin nan sai ya tuna min da Kofar Wambai, bambancin kawai a can mai kaya zai tambaye ka ya iyali kafin ya yanke ka, a nan ba ruwansa da iyalinka. Kawu ya ja min kunne tun a waya cewa in sayi wanda ya ɗan fi ƙafata kaɗan, saboda in ana gangara yatsu gaba suke turawa, in takalmin ya matse farce ne zai yi baƙi ya fita. Kuma yace kar in kuskura in sa shi ranar farko a kan dutse, in yi sati ina yawo da shi tukun ya saba da ƙafa. Na bi maganarsa, kuma na ga amfaninta a jikin wani.

Mu huɗu ne, ni da Kawu da ɗansa na uku wanda ke jami'a, sai wani abokina ɗan Damagaram da muke aiki tare. A Makka muka kwana, muka yi asuba muka kama hanya. Daga Makka zuwa Ɗa'ifa ta Hada wajen kilomita 90 ne, ka wuce gefen Arfa ka bi Wadi Nu'uman har gindin dutsen Kara, daga nan titi ya fara naɗewa kamar maciji yana hawa, kwana bayan kwana, kunnena har toshewa yake kamar a jirgi. Kawu yace zamanin Sarki Faisal aka buɗe titin nan, kafin shi ko dai ka zagaya ta Sail ko ka hau da ƙafa da raƙuminka. A sama kuma ga motar igiya, telefirik, tana lilo tsakanin Hada da ƙauyen Kar da ke gindin dutsen, ni dai kallonta kaɗai ya ishe ni.

Da muka buɗe ƙofar mota a sama sai da na ja da baya. Sanyi! Mun baro Jidda ana fama da gumi mai danƙo, ga shi nan haƙorana na haɗuwa. Hada tana wajen mita 2,000 a saman teku, Jos ɗin da muke kuri da sanyinta wajen 1,200 take, to ka auna. Ɗan Kawu yace min Yaya duk mita dubu da ka hau zafi yana sauka da wajen digiri shida, shi ya sa mutanen Makka da Jidda suke gudowa nan da bazara. Allah ya taimake ni na saka rigar sanyi a jakar goyo, ita ma Kawu ne ya matsa.

A wajen ajiye mota ne muka haɗu da abin da ya so ya ɓata mana safiya. Wani mai gadi ne na wani wurin shaƙatawa da ke gefen, mu ba ma cikin filinsu muka tsaya ba, ya taso yana ɗaga hannu yana ihu, ko sallama babu, wai mu kwashe motarmu, wai me ya kawo mu nan da sassafe, har da cewa mu fito da iƙama, wato takardar izinin zama, alhali ba aikinsa ba ne. Abin da ya fi ƙona min rai yadda ya kira Kawu da "ya walad", wato kai yaro, dattijo mai furfura. Jinina ya tafasa, na buɗe baki Kawu ya riƙe min hannu. Ya yi masa sallama cikakkiya, sannan ya yi masa magana da Larabcin Makka tsantsa wanda ya fi nasa gogewa, a hankali ba hayaniya, ya tambaye shi ko haka yake kiran mahaifinsa. Mutumin ya yi tsuru-tsuru ya koma rumfarsa. Mun matsar da motar duk da haka don a zauna lafiya. Irin wannan kallon duk baƙar fatar da ta zauna a ƙasar nan ta san shi, kuma har yanzu in na tuna raina yana sosuwa, don a garinmu ko almajiri ba zai kira tsoho da yaro ba.

Hanyar da muka bi ita ce tsohuwar hanyar raƙuma, Darbul Jimal, wadda ayari ke bi da tsakanin Makka da Ɗa'ifa. Duwatsu ne aka jera da hannu aka yi kamar matakala masu faɗi, tana lanƙwasa dama da hagu don kar gangarar ta yi wa dabba mai kaya tsanani, wasu wuraren dutsen ya yi sumul saboda taku. Na tsuguna na shafa ɗaya da hannuna. Kawu ya tsaya a kaina yace kakansa daga Kano ya taso a ƙasa, ta Barno ta Chadi ta Sudan, yana tsayawa yana noma yana ɗinki yana tara guzuri, shekara bakwai kafin ya tsallako teku daga Sawakin. Yace yanzu jikokinsu in za su bakala, wato shagon unguwa, sayen burodi sai sun tada mota. Ban ce komai ba don da ni yake. Mu a wajenmu tafiyar ƙasa alamar rashi ce, in aka gan ka kana taku sai a tsaya a rage maka hanya a tambaye ka ko lafiya, ni kaina ina Kano shekara talatin ina ganin Dala da Goron Dutse kullum, sau ɗaya na hau Dala ina yaro, shi ma makaranta ce ta kai mu.

Da yake daga sama muka fara, gangara muka soma yi, kuma nan ne tarkon yake ga sabon shiga. Ƙafa tana tafiya da kanta, iska tana kaɗawa, ga kwari a buɗe a gabanka har kana hango motoci a ƙasa kamar tururuwa, sai ka ji kamar ka yi ta tafiya har gindin dutsen. Kawu ya duba agogo tun kafin mu taka yace minti arba'in za mu sauka, ko mun kai ko'ina ne za mu juyo, domin duk abin da ka sauka a minti arba'in sai ka yi awa ɗaya da rabi kana biyansa. Na so in yi musu da lokacin ya cika, gani nake ko gumi ban yi ba. Yace ɗana juya. Muka juya.

Kai jama'a. Ko minti goma ba mu yi da fara hawa ba ƙirjina ya kama bugu kamar ganga, cinya ta ɗau zafi, na gane tafiyar Kornish daban wannan daban. Kuskurena ina yin dogon taku ina so in gama da wuri. Kawu ya dawo gefena yace in rage taku ya zama ƙanana, in taka da duk tafin ƙafa ba da yatsu ba, in yi tafiyar da zan iya hira a cikinta, in na kasa haɗa jimla ɗaya ba tare da haki ba to na yi sauri. Ya miƙo min sandarsa, irin ta ƙarfe mai shigewa cikin juna, ita ma ta rage wa gwiwa nauyi sosai. Duk minti ashirin mu tsaya, kurɓi biyu uku na ruwa, dabino biyu, mu tashi kafin jiki ya yi sanyi. Lita biyu na ɗauko, Kawu yace lissafinsa rabin lita duk awa, in da zafi a ƙara, kuma kar ka jira sai ƙishi ya kama ka. A sanyin nan ba ka jin kana gumi amma da na cire jaka bayan rigata sharkaf.

Abokina ɗan Damagaram shi ya sha wuya, Allah sarki. Sabon kambas ya sayo daren Juma'a, mai sulɓin ƙasa, ga safa siririya, ga gorar ruwa ƙarama guda ɗaya ta riyal ɗaya. A gangara sau biyu tsakuwa tana kwashe shi, a hawa kuma diddigensa ya yi bororo ya fashe. Muka zaunar da shi, ɗan Kawu ya fito da filasta da man shafawa daga wata 'yar jaka, na ba shi safata ta biyu da rabin ruwana. Yana ta cewa Malam ku yafe ni na ɓata muku tafiya, nace haba, wa ya san wanda zai zauna gobe. A wurin na duba wayata sabis sanda ɗaya, can gaba ma babu, sai na gane dalilin da Kawu ya sa kowa ya faɗa wa iyalinsa inda za mu da lokacin da za mu dawo, ya kuma sa muka haddace 911 na agajin gaggawa da 997 na motar asibiti. Ya ce in ka ga hadari ya haɗo ko hazo ya sauko kar ka tsaya a cikin kwari, ruwan dutse ba ya sallama.

Ga birai kuma, bika manya-manya, garke guda, uwa da ɗanta a maƙale a ciki. Wani babba mai gashin wuya fari-fari ya zauna a kan dutse taku biyar da ni yana kallon ledar dabinon da ke hannuna, idonsa bai bar ledar ba ko sau ɗaya. Kawu yace in mayar cikin jaka in zuge, kar in kalle shi ido cikin ido kar kuma in gudu. Mutane ne suka lalata su da jefa musu abinci ta tagar mota, ga shara nan ko'ina, gorar ruwa da ledar cips a kan hanyar da aka gina da hannu, abin ya ba ni haushi ƙwarai, mun cika leda ɗaya da abin da muka tsinta muka fito da ita.

Mun fito sama wajen ƙarfe goma, ƙafata na rawa. Muna zaune a gefen wata katanga abokina ya cire takalmi, sai ga wani tsoho Basa'udiye ya leƙo daga gonarsa, ya ga ƙafar, bai tambayi daga ina muke ba bai tambayi takarda ba, cewa kawai ya yi ku shigo. Gonar wardi ce ashe, kuma lokacinsa ne, don wajen Maris zuwa Afrilu ake tsinkarsa, da sassafe kafin rana ta kwashe ƙamshin. Ya shimfiɗa mana darduma a ƙarƙashin bishiyar rumman, ya kawo gahawa da dabino da shayi da aka jefa ganyen furen a ciki, sai burodi mai zafi da zuma da man shanu. Ya kai mu ɗakin da suke dafa furen, manyan tukwanen tagulla a kan wuta, bututu ya fito daga murfin ya ratsa ta cikin ruwan sanyi, turaren yana ɗiga a kwalba ɗigo-ɗigo, mai yana taruwa a sama siriri kamar zare. Yace fure dubbai ake zubawa a tukunya kafin a samu tola ɗaya, wato ɗan ƙaramin ma'aunin turare, da na ji kuɗin tolar ya haura riyal dubu sai na daina ganin tsadarsa. Na sayi ruwan wardi kwalba biyu don uwargida, ya karɓi kuɗin ɗaya ya ƙi na ɗayan, ya kuma cika wa abokina hula da fure. Tsakanin gonar nan da rumfar mai gadin can ko kilomita biyu babu.

Azahar a masallacin Abdullahi ɗan Abbas muka yi a cikin garin Ɗa'ifa. Shafa, wani wurin tsaunuka a gefen Ɗa'ifa, mun leƙa ta mota kawai, hazo ya rufe komai, masu saida zuma a bakin titi kuma farashinsu na 'yan yawon buɗe ido ne, ban saya ba. A dawowa Kawu ya tsaya a miƙatin Wadi Muharram ya ɗaura harami, mu muka ajiye shi a Makka, ɗansa ya saya mana tsire a unguwarsu, su siriya suke ce masa, muka ci a mota.

Kawu yace nan da sati biyu Jabalin Nur, bayan asuba kafin rana ta fito. Abokina ya ce in raka shi haraji ranar Alhamis.