Shasin Land Rover: inda aiki ya kwana a mako na uku

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana a kan gyaran tsatsar shasin motar nan, Land Rover Series III mai gajeren shasi, wadda ake ce wa 88 saboda inci 88 ne tsakanin ƙafar gaba da ta baya. An ƙera irinta daga 1971 zuwa 1985. Yawancin bodinta alminiyon ne, shi ya sa take yaudarar mai saye: sama tsaf, ƙasa kuwa tsatsa ta gama da ita.

Shasin nan kamar dogon akwati yake, cikinsa rami, kaurin ƙarfen bai wuce milimita 2 ba. A Ingila gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi ke cin sa. Mu a Zariya laka ce. Jar lakar damina ta shige ta ramukan gefe, ta toshe hujin da ruwa ke fita, ta zauna da danshinta tun daga Yuni har Oktoba. Wato daga ciki tsatsar ke farawa, kafin ka gan ta a waje ta riga ta ci rabi. Abin da muka zaƙulo daga gindin baya kaɗai ya kusa cika bokiti.

Gwajin ba ya buƙatar komai sai ƙaramar guduma da alli. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa ƙal-ƙal, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ka bugi kwali. Wuri uku suka faɗi: ƙarfen da ya gitta a can baya, hannun da ya fito daga shasi yana tallafe bangon gaban direba, da gindin kunnen sifirin na baya na hagu, wato ƙarfen da ke riƙe sifirin a jikin shasi. Na ƙarshen nan shi ne mai hatsari, don nauyin mota a kansa yake.

Kafin giranda ta taɓa ƙarfe an cire batir, an sauke tankin mai da ke ƙarƙashin kujera, an kwance bututun birki. Abin da ake yawan mantawa shi ne wayoyin fitilun baya, waɗanda ta cikin shasin suke bi. Ku ɗaura musu igiya kafin ku zare, ku bar igiyar a ciki, da ita za ku jawo su in an gama. Sannan awo: daga kunnen sifirin na gaba zuwa na baya, hagu da dama, sai kuma a gicciye. A rubuta a takarda. Mun kuma ɗana ƙarfen kwana a tsakanin ɓangarorin shasin biyu, na hagu da na dama, da ɗigon walda, don kada su buɗe idan aka yanke ƙarfen da ya gitta a baya.

To, batun faci. Abin da aka saba gani a gareji shi ne a ɗora falle a kan ruɓa a zagaye da walda. Wannan rufe tukunya ne da ruɓaɓɓen tuwo a ciki: ruwa ya kwanta tsakanin ƙarfe biyun, damina biyu ya sake hudowa. A yanke har sai bakin ƙarfe ya fito fari da cikakken kaurinsa, ko da ramin zai ninka abin da aka zata. A kwaikwayi ramin da kwali, a fitar da shi a sabon falle mai kauri ɗaya da na asali, a zaunar da shi baki da baki, a bar ɗan tsaga kamar milimita 1. A zagaye kusurwoyin, don daga kusurwa mai kaifi tsagewa ke tashi. Falle irin wannan ana samu a Sabon Gari, in ya gagara sai Panteka a Kaduna, amma a je da abin awo, kada a yarda da “ai ɗaya ne”.

Facin farko ya ɓaci. Sandar walda mai milimita 2.5 muka sa a kan ƙarfin wuta amp 90, nan take ta huda. Da aka sauke zuwa wajen 65 aka koma ɗigo-ɗigo, santimita ɗaya nan, a tsallaka ɗaya gefen, a bari ya huce, sai ya zauna lafiya. Jan dogon layi a lokaci guda shi ke murɗe ƙarfe. Idan sanda tana yawan maƙalewa, ko wuta ta yi ƙasa ne ko ta sha danshi, a shanya ta a rana tukuna. Waldar gas ta masu gyaran bodi ba ta dace da nan ba, zafinta yana bazuwa da yawa. A ajiye bokitin yashi kusa, domin tsohon baƙin man da ke cikin shasi yana kamawa, kuma ba a ganin wutar sai hayaƙi ya fito ta wani ramin.

Zuwa yanzu hannun gaba da ƙarfen baya sun zauna, awon gicciye ya bambanta da milimita 3 kawai. An goge da burushin waya, an shafa jan fenti na hana tsatsa hannu biyu, an buɗe sabbin hujin ruwa masu faɗin milimita 10 a ƙasa. Cikin shasi sai an gama walda duka za a fesa masa mai da giris. Saura kunnen sifirin, shi kuma ba za mu yi masa faci ba, sabo za a lanƙwasa daga falle mai milimita 3 ranar Asabar.