Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Alƙalamin Baba Ya Wuce Kurtu

A makon jiya na tsaya a inda aka sallamo Baba daga asibiti, bayan likitoci sun tabbatar mana cewa wata 'yar hanyar jini ce ta toshe a ɓangaren dama na ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, wadda a makaranta muke kira sarabelam. Mun yi ta godiya ga Allah domin jikinsa bai shanye ba, kuma idan ya riƙe hannun mutum sai ya ji ƙarfinsa na nan yadda yake.

Kwana uku da dawowarsa ya sa aka shimfiɗa masa buzu a zaurenmu da ke bayan Kasuwar Kurmi, aka kawo allo da kurtun tawada. Mutum ne da ya shafe fiye da shekara talatin yana rubutun Alƙur'ani da hannu. Ina tsaye a bakin ƙofa ya miƙa alƙalami zai tsoma, hannun ya taso daidai, amma da ya kusanci bakin kurtun sai ya fara karkarwa, ya zarce, ya dawo ya sake zarcewa, har ya kifar da tawadar a kan buzun. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce da ni, "Uwata, ƙarfinsa na nan, tsayawa ce ya manta."

A lokacin ina aji biyu a sashen nazarin ayyukan jikin ɗan Adam a Jami'ar Bayero, kuma wannan magana ta Baba ce ta mayar da ni ga babin da na haddace domin jarrabawa kawai. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ba ta wuce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙwaƙwalwa ba, amma tana ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin jijiyar da ke cikin ƙwaƙwalwar baki ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk lissafin da ɓawon sarabelam, wato shimfiɗarta ta waje, yake yi ta ƙofa ɗaya yake fita, wato manyan ƙwayoyin Furkinje, masu sunan masanin ƙasar Cek da ya fara bayyana su a 1837. Saƙon da suke fitarwa kuwa na hani ne. Masanin Japan Masao Ito ne ya tabbatar da haka a 1964. Ƙwayoyin Furkinje suna sakin wani sinadari mai suna GABA a kan ƙwayoyin da ke can cikin tsakiyar sarabelam, sinadarin ya buɗe ƙofofin da kuloraid, wani sinadari da ke cikin gishiri, ke shiga ta cikinsu, sai ƙwayar da ya sauka a kanta ta yi sanyi, ta yi wuyar tashi.

Ban fahimci hikimar wannan tsari ba sai da na tuna hawan Daushe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ya ga yadda mahaya ke sako dawaki da sukuwa, su ja linzami su tsaya cak a gaban Sarki su yi jafi. Dokin yana da gudunsa tun asali, gwanintar tana hannun mai linzami. Haka ƙwayoyin tsakiyar nan suke, kullum a shirye suke su tashi, Furkinje kuma tana riƙe da su, tana aika saƙo sau da yawa a kowace daƙiƙa ko da mutum yana zaune bai motsa ba. Ita ma Furkinje akwai masu tsawatar mata, wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira masu kwando da masu siffar tauraro, waɗanda ke sa ta yi shiru na ɗan ƙiftawar ido. A cikin wannan ɗan shirun ne linzami ke sassautawa, umarnin motsi ya wuce a daidai lokacinsa kuma daidai gwargwadonsa. Da wani yanki na wannan tsari ya mutu a kan Baba, sai aka rasa mai cewa hannu ya isa haka. Kuma tunda kowane ɓangare na sarabelam gefen jikin da yake ciki yake kula da shi, hannun daman da yake rubutu da shi ne abin ya shafa.

Daga nan na daina yi wa samarin lungunmu masu shan ƙwaya kallon da nake yi musu a da idan suna tangaɗi. Barasa da ƙwayoyi irin su dayazafam suna ƙara wa GABA ƙarfi ne, linzami ya yi tsauri a inda bai kamata ba, sai tafiya ta karkace, harshe ya yi nauyi. Na ga cewa yawan hanin da rashinsa duk tangaɗi suke haifarwa.

Masu gashin ƙashi sun koya wa Baba ya riƙa taɓa hancinsa sannan ya taɓa yatsana, a hankali, sau ashirin safe da yamma, kuma ya dinga dogara gwiwar hannunsa a kan matashi idan zai riƙe alƙalami. Bayan wata biyar ya rubuta Bisimilla a allo, layin ya ɗan karkata amma ana karantawa. Takardun Alƙur'anin da ya kai Suratul Kahfi kuwa ya sa na ɗaure su a cikin gafaka, ya ce in kira masa babban almajirinsa bayan sallar la'asar. Abin da ya faru a wannan zama shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.