Na kai wa Gwaggo taswira har Makka

Da hantsi jirgin ƙasa na Haramain ya tashi da mu daga Madina, ina cikin harami, jakata a ƙarƙashin kujera. Kilomita 450 ne zuwa Makka, amma ko awa biyu da rabi ba mu cika ba muka sauka a tashar Rusaifa. A 2018 aka buɗe wannan layi. Ina kallon duwatsu baƙaƙe suna wucewa ta taga, sai na tuna kakanmu da ya taso daga Kano a ƙasa, ya ratsa Chadi da Sudan yana noma yana tara guzuri, ya hau jirgin ruwa a Sawakin. Shekaru ya yi a hanya. Wajen 'yarsa, Gwaggona, zan sauka bayan na gama Umara.

Ban zo hannu rabbana ba. Bayan yaji da kuka da daddawa da aka aiko ni da su, akwai wani aiki a wayata. Ina cikin 'yan sa-kai da ke taimaka wa wata manhajar taswira mai aiki ko babu intanet, irin buɗaɗɗun manhajojin nan da kowa ke iya duba ƙirarsu ya kawo gyara. Bayanan hanyoyinta daga OpenStreetMap take ɗebowa, taswirar gayya da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004. Ni na fassara maballanta zuwa Hausa, kuma na ɗauki alkawarin gwada ta a hannun mutane. Masanin nan Jakob Nielsen ya nuna tun shekarar 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da manhaja. To, gidan Gwaggo a lungunan Sharar Mansur ya fi mutum biyar nesa ba kusa ba.

Bayan Isha'i aka shimfiɗa leda a falo, aka kawo shayi da tsiren nan da 'yan Makka ke kira sire. Ka'idar gwajin ba ta da wuya a faɗa: ka ba mutum aiki, ka ce ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana yi, kai kuma ka ja bakinka ka yi shiru kana rubutu. Na miƙa wa Gwaggo wayar na ce, "Gwaggo, ki nemo mini hanya daga nan zuwa Harami."

Ta gyara tabarau, ta kai wayar kusa da hanci, ta mayar da ita nesa. Can ta ce, "Ɗan nan, wannan Turanci ne?"

Na ce Hausa ce, ni na rubuta ta da hannuna.

"Ai mu ba mu yi boko ba. Mayar mini da jawwal ɗin Larabci." Wayar take nufi.

Nan jikina ya yi sanyi. Wata uku na yi ina fama da ƙ da ɗ da ɓ, ban taɓa kawo wa raina cewa Bahaushen da aka haifa a Makka da baki yake Hausa, da ido kuma Larabci yake karantawa ba. A cikin mutum biyar ɗin, ɗaya ne kawai ya iya karanta fassarata, wani direba da ya zo daga Katsina da girmansa.

Da na juya manhajar zuwa Larabci, rubutu ya koma dama kamar yadda ya kamata, amma kibiyar komawa baya ba ta juya ba. Gwaggo ta danna ta sau uku tana zaton gaba za ta kai ta, kowane karo sai ta tsinci kanta a farko. Yatsana har ƙaiƙayi yake in nuna mata. Na danne shi da biro. Ta ajiye wayar a kan cinya ta ce, "Kaina ne ya tsufa, ba laifin abin ba ne." Abin da ya fi damuna ke nan a wannan aiki. Tsoho in manhaja ta ba shi wahala, kansa yake zargi, ba zai taɓa kai ƙara wurin masu ita ba. Na ce mata, "Wallahi Gwaggo ba ke ake gwadawa ba, ita ake gwadawa, kuma ta faɗi."

Jikanta ɗan shekara goma sha shida kuwa cikin daƙiƙa kaɗan ya gama, yana yi yana dariya. Ban samu abin rubutawa a kansa ba sai layi ɗaya.

Da asuba, bayan na dawo daga Harami, na zauna a bakin tabarma na aika rahoton matsala huɗu, da hoton allo da bayanin inda kowa ya maƙale, ban sa sunan kowa ba. Ta ƙarshe tambaya ce: ko za a yarda a ƙara Hausar ajami? Gwaggo ta leƙo da butar shayi ta ce in na gama wasa da waya in tashi in raka ta kasuwa, ita ta san hanya.