Kan Sarki: Aikin da Nake Yi a Bayan Kanta

Shagona ƙarami ne, a Kano. Daga gaba takardu nake sayarwa da ambulan da biro da littattafan rubutu na 'yan makaranta, kuma su ne ke kawo kuɗin cefane. Amma can bayan kanta akwai teburi ɗaya da fitila da durowa mai makulli, a nan nake aikin da na fi so. Shekara 20 da 'yan kai ke nan ina saye da sayar da tsofaffin kan sarki, ina kuma duba wa mutane nasu in faɗa musu ko mene ne, da abin da zai iya yi a kasuwa.

Mahaifina akawu ne a wani kamfanin sayen gyaɗa. Yakan dawo gida da ambulan ɗin da aka zubar, ni kuma in zauna in yi ta kallon hotunan da ke jikinsu. Na farkon da ya shiga raina shi ne na ahu, wato kwabo ɗaya da dari, cikin jerin da aka fitar a 1953: hoton gyaɗa ne. A jerin nan na kwabo yana ɗauke da mahayan Barno, na taro gadar Jebba, na sule goma fatu da ƙiraga. Har yau idan ɗaya ya faɗo daga cikin tarkacen da aka kawo mini sai na tsaya na dube shi, alhali na san an buga su da yawan gaske, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Yawancin masu zuwa wurina magada ne. Uba ya rasu, an buɗe adaka, an tarar da albam ko daurin wasiƙu. Kwanan baya wani saurayi ya shigo da leda, ya miƙo mini wayarsa tun kafin mu gama gaisawa. Labarin kan sarkin nan ne na Birtish Giyana na 1856, mai launin ja-ja, wanda aka sayar sama da dala miliyan 9 a 2014.

"Baba, ka duba mini. Na mahaifinmu ma tsofaffi ne sosai."

"Allah ya jiƙansa. Zauna, ɗana, mu duba su ɗaya bayan ɗaya. Amma ka sani wancan da ka gani shi kaɗai ya rage a duniya, abin da ya ba shi tsada ke nan. Tsufa kawai ba ya sa kuɗi."

Na ba shi misali da kan sarki na farko a duniya, baƙin kwabon Ingila na 1840. An buga fiye da miliyan 68, shi ya sa har gobe mai matsakaicin hali yana iya mallakar guda idan ya ƙuduri niyya.

Kayan aikina ba su da yawa. Hantsaki mai faɗin baki, don yatsa yana barin maiƙo. Gilashin ƙara girma. Ɗan baƙin faranti. Ma'aunin haƙora, wanda ke nuna haƙora nawa ne a cikin santimita 2 na gefen kan sarki. Sai kundaye, wato littattafan da ke jera kan sarki da bayaninsu da farashinsu, waɗanda su ne jarin gaske.

Tambayar farko kullum ita ce: na wace ƙasa ne? Ba kowane ne ke faɗa ba. Na Ingila ba ya ɗauke da sunan ƙasa ko kaɗan, kan mai sarauta kawai za ka gani. Helvetia na Suwizalan ne, Magyar na Hangare, Suomi na Finlan, Nippon na Japan. Mu nan muna da wata riba da masu tarawa na Turai ba su da ita: muna karanta Larabci. Abin da Bature zai kwana yana juyawa, na Hijaz ne ko na Daular Usmaniyya, wanda ya yi makarantar allo zai karanta shi a tsaye. Sau da yawa abokan cinikina na waje sukan turo mini hoto in karanta musu rubutun tambari.

Suna ma yakan yaudari mutum. Wani bawan Allah daga Maraɗi ya taɓa kawo mini guda uku masu rubutun Niger Coast Protectorate, yana murna ya samu tsofaffin na ƙasarsu. Na ce masa, Malam, waɗannan na gaɓar teku ne, wajen Kalaba, yankin da a da ake kira Oil Rivers, ba su da haɗi da Damagaram ko Yamai. Na Nijar na farko aro aka yi. Faransawa sun ɗauki na Haut-Sénégal-Niger mai hoton mahayin raƙumi, suka buga Territoire du Niger a kansa a 1921. Hoton nan dai shi aka buga wa Haute-Volta, aka kuma buga wa Soudan Français, don haka rubutun da ke sama shi ne ke raba su. Sai a 1926 Nijar ta samu nata na kanta, ciki har da mai hoton ganuwar sojan Zinder. Bai ji daɗi ba da farko, amma da na buɗe masa shafin ya ga nasa da idonsa, sai ya nemi in samo masa na mahayin raƙumin. Na samo masa.

Kundayen da ake aiki da su a duniya manya huɗu ne, kowanne da inda ya fi ƙarfi. Stanley Gibbons na Landan, wanda ya fara fitar da jerin farashi a 1865, shi ne uba a kan duk ƙasar da Ingila ta mulka. Yvert et Tellier na Faransa shi nake buɗewa don Nijar da Cadi da Kamaru. Michel na Jamus ne, Scott na Amurka. Kowanne da lambobinsa, kuma ba sa haɗuwa. Idan mai saye ya ce yana son lamba 19, dole ka tambaye shi ta wane kundi, in ba haka ba ka aika masa abin da bai nema ba. Nawa kundayen duk na hannu ne, wasu sun haura shekara 10. Farashinsu ya tsufa, amma bayanin gane kan sarki ba ya tsufa, kuma shi na fi buƙata.

Inda aikin ya fi daɗi a wurina shi ne shafin Northern Nigeria. Gajeren shafi ne. An fara a 1900 da kan Sarauniya Biktoriya, sai Sarki Edward na Bakwai daga 1902, sai Sarki Joji na Biyar a 1912, sannan aka haɗe Arewa da Kudu a 1914, sunan ya ɓace daga kan sarki. Kamfanin De La Rue ne ya buga su duka, da zubi ɗaya wanda aka yi wa wasu ƙasashen mulkin mallaka da dama, suna da farashi kawai ake canzawa. Haƙoransu 14.

To ga inda ido ke gazawa. Ka ajiye na Edward guda biyu a gabanka, launi ɗaya, farashi ɗaya, fuska ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Sai ka kifa su a baƙin faranti, ka ɗiga musu man da ake dubawa da shi, wanda ke bushewa nan take bai taɓa ƙaron baya ba. Wani ɓoyayyen tambari da ke cikin jikin takardar zai fito: kambi da haruffan CA. Idan kambi ɗaya ne a tsakiya, bugun 1902 ne. Idan kambuna ne da yawa a jere, wasu sun yanke a gefe, na baya ne, daga 1904 zuwa sama. Lambarsu a kundi daban, kuɗinsu daban. Bayan wannan kuma akwai takarda: wata gama-gari ce, wata an shafe fuskarta da alli, tana da santsi da ɗan ƙyalli idan ka karkata ta a gaban fitila. Tsofaffin dillalai sukan goga azurfa a gefe su ga ko za ta bar zane kamar na fensir. Ni ba na yi, don zanen ba ya fita, kuma kayan ba nawa ba ne.

A shafin nan ne sarkin su duka yake, na fam 25 na 1904, kore da ja. Babu wasiƙar da ke cin fam 25 a wancan zamani, don biyan kuɗaɗen hukuma aka yi shi. Kaɗan aka buga, kuma farashinsa a kundi dubban fam ne masu yawa. Ban taɓa riƙe na gaske ba. An taɓa kawo mini ɗaya, hannuna har rawa yake, amma da na sa gilashi sai na ga an kankare farashin wani ƙarami ne aka zana sabo a gurbin. Mai shi bai sani ba, shi ma haka ya gada. Faɗa masa ya yi mini nauyi ƙwarai.

Kuskuren da ya fi ci mini rai na yi shi ne a shekarata ta biyu. Na samu na sule biyu da sisi na Edward manne da guntun takarda, na jefa shi a ruwan ɗumi don ya saki, kamar yadda nake yi wa na zamani. Kafin in juyo koren ya narke, fuskar ta zama fari-fari. Da gangan De La Rue suka yi amfani da tawada mai gudu a ruwa, kore da shunayya musamman, don kada wani ya wanke tambari ya sake amfani da kan sarkin. Gargaɗin yana nan a gabatarwar kundin, shafukan da na tsallake don ɗokin ganin farashi. Tun ranar duk wanda ya zo koyo wurina, gabatarwa nake fara sa shi ya karanta.

Batun farashi shi ne inda ake samun saɓani da mutane. Kundi yana da layi biyu, na hagu don wanda ba a yi aiki da shi ba, na dama don mai tambari. Mutum zai ga fam 40, ya buga lissafi da canjin yau, ya ce a ba shi. Amma adadin nan kuɗin da babban dillali zai sayar da lafiyayye ne, mai cikakkun haƙora, hoto a tsakiya, launi bai koɗe ba, ƙaro yana nan. Namu kuwa sun sha damina da hunturu. Laima tana manne su da shafi, tana sa musu ɗigon tsatsa. Iskar hunturu tana nannaɗe su har ƙaron ya tsage. Kyankyaso yana lashe ƙaro, gara tana cin albam gaba ɗaya. Haƙori ɗaya ya karye, kuɗi ya faɗi warwas. Sannan ƙaramin farashin da ake sa wa na gama-gari ladan wahalar dillali ne kawai, ba wai idan ka tara dubu za a ninka maka ba. Abin da nake yi shi ne in buɗe kundin a gaban mai kaya, in nuna masa lamba, in nuna masa aibin da gilashi, sannan in nuna masa abin da irinsa ya yi a gwanjon intanet na baya-bayan nan. Abin da aka saya, ba abin da aka yi talla ba. Daga nan in faɗi tayina, in ce yana da damar kai wa wani.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu kawo manyan nan masu ƙyalli na Ajman da Manama da Fujaira, masu hoton dawaki da 'yan sama jannati. An buga su ne tuli a shekarun 1960 zuwa farkon 1970 don a sayar wa yara masu tarawa, an buga musu tambari tun a ɗab'i, ƙaronsu ma yana nan. Saurayin nan mai waya rabin ledarsa su ne.

Amma a ƙasan ledar akwai ambulan guda da ba a taɓa ba. Kan sarkin Najeriya ne na 1953, sai dai an buga Cameroons U.K.T.T. a kansa, tambarin kuma na Mubi. An fitar da waɗannan ne a ranar 1 ga Oktoba 1960, ranar da Najeriya ta samu 'yanci, saboda yankin Kamaru da Ingila ke riƙo a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya bai bi ta ba tukuna. An yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961, arewacin yankin ya shigo Najeriya ranar 1 ga Yuni, ya zama Lardin Sardauna. Ka ga 'yan watanni ne kawai wasiƙa za ta iya fita daga Mubi da wannan kan sarki. Shi kaɗai, a ɓalle, kuɗinsa kaɗan ne. A jikin ambulan, da tambari mai kwanan wata a fili, ya fi duk sauran ledar a haɗe. Kundi ba ya sa wa irin wannan farashi, sai wanda ya san tarihin wurin. Haka tambarin Zungeru ko Lokoja ko Ibi a kan na Northern Nigeria yake ɗaga kuɗinsa. Shi ya sa roƙona ga duk wanda ya buɗe adakar gado ɗaya ne: kada a yage, kada a jiƙa, a kawo yadda aka same shi.

Na ce masa ya koma ya yi shawara da 'yan'uwansa tukuna, tunda kayan gado ne. Bayan kwana uku suka dawo tare da mahaifiyarsu. Ta karɓi ambulan ɗin ta daɗe tana duban rubutun.

"Hannun yayan marigayi ne. Yana aikin asibiti a can lokacin."

"To Hajiya, in kuna so a sayar, ina da mai saye a Ingila. In kuma za ku riƙe, zan gyara muku shi."

"Gyara mana, Alhaji. Sauran dai ka saya."

Na sa shi a cikin leda marar laima irin ta masu tarawa, na rubuta bayaninsa a wata takarda daban da fensir, na ce a ajiye shi a tsaye cikin durowa, nesa da bango da ƙasa, a riƙa fito da shi yana shan iska idan damina ta wuce. Sauran na ƙirga su a gabansu, na biya, yaron ya sa hannu a rasit.