Ikonomiks tsakanin aji, kasuwa da Kakuri

Na ɗauki Ikonomiks ne saboda ina son karanta akanta a jami'a, kuma JAMB ba ta barin mai wannan buri ya kauce masa. A SS1 da SS2 hadda muka sha. Ma'anar ƙarancin abu, jerin buƙatu bisa fifiko, abin da mutum ke haƙura da shi in ya zaɓi wani, duk muna rera su kamar karatun allo, mu ci gwaji, bayan sati biyu su bi iska.

Sai da muka shiga SS3 darasin ya zauna min, kuma Babban Bankin Nijeriya ne ya taimaka, ba da niyya ba. A ƙarshen 2022 aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, a farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mutane na sammako a bakin banki, masu POS na yankar abin da suka ga dama kafin su ba ka kuɗinka. Malaminmu ya ajiye littafi ya ce kowa ya je kasuwa ya dawo da farashin abu uku. Na raka Mama Kasuwar Bacci, na tarar kusan kowane kaya farashi biyu gare shi, na mai tsaba da na mai tiransifa. Wata dattijuwa mai kuka da daddawa ba ta da asusun banki, ta karya kayanta don kawai ta riƙe takarda a hannu. Maƙwabciyarmu kuwa da kwanon masara ta karɓo manja. Da Malam ya zo kan amfanin kuɗi da wahalar cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, babu wanda ya nemi a maimaita.

Daga nan na riƙa rataya kowane zane a jikin wani kaya da na sani. Wurin da ɗalibai suka fi zubar da maki shi ne bambanci tsakanin tafiya a kan layin buƙata, wato zanen da ke nuna yawan abin da za a saya a kowane farashi, da gusawar layin gaba ɗaya. Tumatir ne ya warware min. Lokacin sanyi, in na noman rani ya sauko, kwando ya yi arha har a yanka a shanya. Da damina ta kama sai ya yi wuya. Sha'awar miya ba ta canza a gidan kowa ba, kayan ne suka ragu, wato layin masu kawowa ne ya gusa, mu masu saye muka hau sama a kan namu layin, muka koma busasshe da na gwangwani. Haka batun yadda mai saye ke ja da baya in farashi ya tashi: gishiri ko ya ninka sai an saya, nama kuwa ana ƙara masa kuɗi tukunya za ta koma wake.

Babin masana'antu a gida na karanta shi. Baba ya yi aiki a masaƙa a Kakuri da ke Kaduna kafin a rufe. Wata rana ya ji ina haddace dalilan da ke sa a kafa masana'anta a wuri, ya ce, "Kai, rufe littafin nan in gaya maka." Ya lissafo audugar Funtuwa da Zariya da Gusau, da layin dogo, da ruwan kogin Kaduna, da gwamnatin Sardauna da ta tsaya har masaƙar farko ta fara aiki a 1957. Kamfanin haɗa Peugeot ya biyo a 1975, matatar mai a 1980. Na ce, "To Baba, me ya kashe masaƙun?" Ya ce wuta ta ƙi tsayawa, baƙin mai ya yi tsada, injina sun tsufa, ga atamfar waje da ake fasa-ƙwaurinta tana zuwa da arha. Ya yi shiru, sannan ya ƙara da cewa masu abinci da masu gidajen haya na unguwar ma tare da masaƙar suka durƙushe. Wannan zaman ya ba ni amsar tambayoyi kan kare masana'antun gida da rashin aikin yi fiye da duk abin da na kwafa daga allo.

Ina da ƙorafi a kan littattafan. Suna zana kasuwar da babu mai iya juya farashi, alhali duk wanda ya taɓa sayen buhun masara ya san dillali da ƙungiyar 'yan kasuwa da mai ɓoye hatsi sai bazara. A jarrabawa ka ba su zanensu yadda suke so, amma ka kawo misalin da ka gani da idonka, yana ƙara wa amsa nauyi.

Kasuwa dai ba ta isa ita kaɗai ba. Takardar WAEC tana da tambayoyin zaɓi 50, sannan ta rubutu, wadda sashenta na farko jadawali ne da lissafi, kuma dole ka amsa ɗaya daga ciki. Wanda ya gudo Ikonomiks don tsoron lissafi a nan ake kama shi. Kaso cikin ɗari, matsakaicin kuɗin samarwa, ƙarin da kowane ɗaya ke kawowa, sai da muka zauna da tsofaffin tambayoyi bayan la'asar muna yi muna sakewa. Zane kuma da rula da fensir, a sa wa kowane gefe suna, don zanen da ba suna ba ya cin maki.

Muna tsakiyar jarrabawa, ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. Kuɗin motar da Baba ke ba ni ya daina kai ni makaranta ya dawo da ni, sauran takardun jarrabawar da ƙafa na riƙa cike rabin hanya.