Yadda ake sa Cisco Aironet ta yi aiki ba tare da kwanturola ba

Tsofaffin na'urorin waifai na Cisco 'yan Beljiyam da ke shigowa Katsina suna da arha, amma galibi da manhajar k9w8 suke zuwa, wadda ba ta aiki sai da kwanturola, wato wata na'ura ta daban da ke sarrafa su. Ka kunna, fitila ta yi ta canza launi, babu sigina. Maganin shi ne a ɗora mata k9w7, mai cin gashin kanta.

Ga samfurin 2602, 2702, 3602 da 3702, fayil ɗin k9w7 da za ka ɗora shi ne mai farawa da ap3g2. Canza masa suna zuwa ap3g2-k9w7-tar.default, ka ajiye shi a jakar sabar TFTP, wato manhajar da za ta tura wa na'urar fayil ɗin daga kwamfutarka. Haɗa na'urar da kwamfutarka ta wayar netwok, ka ba kwamfutar adireshin IP 10.0.0.2, domin na'urar 10.0.0.1 take ɗauka. Danne maɓallin MODE, ka jona wuta, kar ka saki sai fitila ta yi ja, wajen daƙiƙa 20 zuwa 30. Daga nan na'urar za ta ɗauko fayil ɗin da kanta.

A nan mutane ke faɗuwa. Windows yana ɓoye ƙarshen sunan fayil, sai .tar ya maƙale a baya, na'urar kuwa ba za ta gane shi ba. Katangar tsaron kwamfuta ma tana toshe UDP 69, ƙofar da TFTP ke bi, kashe ta tukuna. Kuma don Allah a yi aikin kan inbata. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar ɗora manhajar, sai an nemo wayar kwansol, wadda ake ba na'urar umarni kai tsaye ta cikinta, a saita gudunta a 9600.

Bayan ta tashi, kalmar sirri Cisco ce, rediyoyin a kashe suke har sai ka ƙirƙiri SSID, wato sunan waifai ɗin, ka kunna su. Ita 2802 ba ta da k9w7, wata manhaja mai suna Mobility Express take ɗauka.