Albasa Mai Ruwan Ɗorawa Ba Ta Son Gaggawa

Ƙannena masu koyon girki, albasar nan mai ɓawo ruwan ɗorawa ta sha ba ni kunya kafin na gane halinta. Da a wurina albasa duk albasa ce, sai in yanka ta ɗanya in watsa a kan abinci, mutane su ci suna yamutsa fuska. Ashe sinadarin sulfa da ke cikinta ne ke sa ɗanyarta yaji da kaifi. Ta dahuwa ce, wuta ke fito da zaƙinta.

Amma ba kowace wuta ba, kuma nan ne na fi yin ɓarna. Nakan bar mai ya yi zafi har yana hayaƙi, in zuba albasa, kafin in ɗauko ludayi gefenta ya yi baƙi, cikinta kuwa ɗanye shar. Wannan ɗacin idan ya shiga miya, ya shiga ke nan. Ana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, amma kusan kashi 90 cikin 100 na jikinta ruwa ne, kuma sai ruwan ya ƙafe sannan sukarin cikinta ke fara yin ja. Don haka ku rage wuta, ku barbaɗa ɗan gishiri tun farko ya janyo ruwan, ku riƙa juyawa jefi-jefi. Cikin minti 10 za ta yi laushi ta saki ƙamshi. Idan kuna son ta yi ja sosai, ta yi zaƙi, ku ba ta minti 30 zuwa 45. Ta fara kama gindin kasko? Ɗan ruwa cokali guda ya isa ya saki. Tafarnuwa kuwa sai daga ƙarshe, don ita minti ɗaya ma yana iya ƙona ta.

Hawayen da nake zubarwa, dakusasshiyar wuƙata ce ke ƙara shi, domin tana murƙushe albasar maimakon ta yanka, sai iskar da ke cin ido ta yawaita. Ku wasa wuƙa.

Wajen ajiya ma na yi asara, don a leda nake ƙulle ta tare da dankalin turawa, sai in tarar ta tsiro ko ta ruɓe. Busasshen wuri mai iska take so, nesa da rana, nesa da dankali. Wadda aka riga aka yanka ce kawai ake rufewa a sa a firij.